Sharhi: Horar da jami'an alƙaluman lafiya ya koma intanet

Kafin a gane cewa cutar kwalara ko sanƙarau ta ɓarke a wata ƙaramar hukuma, sai wani jami'i ya tattara alƙaluman asibitoci, ya shigar da su cikin kwamfuta, ya kuma fahimci abin da suke nunawa.

Manhajar da ƙasashe fiye da 70 suke amfani da ita wajen wannan aiki ita ce DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar bunƙasa ta. Najeriya da Nijar da Ghana na cikin waɗannan ƙasashe.

A da dai, akasarin horon da ake bai wa jami'ai kan manhajar a zauren taro ake yin sa, inda mahalarta daga ƙasashe daban-daban kan shafe kwanaki tare.

Sai dai tsarin na da tsada. Kuɗin jirgi da masauki da alawus sun sa 'yan ƙalilan ne ke samun gurbi.

Cutar korona ce ta sauya lamarin a shekarar 2020, lokacin da aka rufe iyakoki, ala tilas darussan suka koma intanet. Dama tun a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe dandalin OpenWHO na koyarwa kyauta.

Ribar a fili take. Jami'in da ke Gusau ko Maraɗi na iya bin darussan farko na DHIS2 ba tare da biyan ko kwabo ba, kuma bai bar bakin aikinsa ba.

To amma fa akwai cikas. Darasin bidiyo na buƙatar lantarki da intanet mai ƙarfi, abubuwan da suka fi ƙaranci a karkara, inda ake tattara alƙaluman tun daga tushe. Kazalika, mafi yawan darussan da Turanci ko Faransanci ake gabatar da su.

Haka kuma koyon danna manhaja daban, sanin cewa adadin da aka aiko daga wani asibiti ba daidai ba ne daban. Wannan ido, a gaban gwani ake samun sa, shi ya sa aka koma yin wasu tarukan horon ido da ido bayan annobar.

Batun kuɗi ya ƙara tsananta a 2025, bayan da gwamnatin Amurka ta rusa hukumar USAID, wadda ta daɗe tana tallafa wa ayyukan lafiya a Afirka.

Ke nan da wuya a koma tsohon tsari gaba ɗaya. Abin jira a gani shi ne ko ma'aikatun lafiya za su ɗauki nauyin kuɗin data da na masu bibiyar ɗalibai a wuraren aikinsu, domin idan alƙaluma suka gurɓata, allurar rigakafi da magani za su tafi inda ba a fi buƙatarsu ba.