Wasiƙa ga masu ɗaukar hoto da ke shirin zuwa Ennedi



Tun da UNESCO ta sa tsaunukan Ennedi na arewa maso gabashin Chadi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, masu kyamara ke ta tururuwa can. Galibi kuwa da hoto iri ɗaya ake dawowa: jan dutse, shuɗin sama, shi ke nan. Laifin ba na kyamara ba ne, na gaggawa ne.

Dutsen Ennedi yashi ne da ya dunƙule, ruwa da iska suka yi ta sassaƙarsa har ya zama ginshiƙai da bakuna. Jan da ke jikinsa tsatsar ƙarfe ce, kuma ba ta nuna kanta sai rana ta yi ƙasa. Da tsakar rana dutsen kan koɗe, inuwa ta yi baƙi ƙirin, duk layukan da ke jikinsa su ɓace. Saboda haka aikinku na sassafe ne da bayan la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa daga gefe yana fito da kowane tsagi. Tsakar rana ta zagayawa ce: ku duba inda rana za ta faɗi, ku zaɓi wurin tsayawa, sannan ku nemi inuwa ku kwanta. In hazon hunturu ya sauko, kada ku mayar da kyamara jaka. Shi ke raba tsaunuka sahu-sahu, na kusa duhu, na nesa fari-fari.

Sai maganar girma, inda da yawa ke faɗuwa. Bakan Aloba ya kai kusan mita 120 a tsaye, amma in aka ɗauke shi shi kaɗai sai ya fito kamar ƙofar zaure. Ku jira raƙumi ko mutum ya ratsa ƙarƙashinsa. Haka a Gelta ta Arshe, kwazazzabon da makiyaya ke kawo raƙuma shan ruwa, ruwan ya yi baƙi saboda kashinsu, da 'yan kadojin da suka rage tun zamanin da Sahara ke da dausayi. Hoton wurin daga sama yake, sai an hau dutse da ƙafa. Sai dai makiyayan nan ba ado ba ne da aka ajiye muku. A yi sallama, a bar jagora ya nemi izini, musamman in akwai mata a bakin ruwa. In an ce a'a, a sauke kyamara.

Kaya kuma a rage. Litar ruwa guda kilo guda ce, kuma in za a bar wani abu a mota, gara gilashin kyamara na uku da gorar ruwa. Kada a sauya gilashi a fili iska na kaɗawa. In ƙura ta hau shi, a fara hure ta da famfon roba kafin a sa ƙyalle, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce shi har abada. Sanyin dare daga Disamba zuwa Janairu na shanye batir, ku kwana da shi a aljihu.

Abin da ya fi damuna shi ne zanen mutanen dā a cikin koguna: shanu, mahaya dawaki, mata masu ado. Akwai masu yayyafa musu ruwa don launi ya fito. Ayarin mai bincike Henri Lhote ya yi haka da soso a Tassili ta Aljeriya a 1956, kuma zanen ne ya ji a jikinsa. Ruwa na taso da gishirin cikin dutse, launin ya ɓare. Ku kafa kyamara kan ƙafafunta uku, ku ƙara mata lokacin shan haske, ku ɗauke hannunku daga bangon.

Kuma kada kyawun wani dutse ya ja ku ku bar sawun jagora. An gwabza yaƙi da sojojin Libiya a garin Fada da ke Ennedi a Janairun 1987, har yau kuma akwai nakiyoyi binne a wasu sassan arewacin Chadi. Inda ya ce a tsaya, a tsaya, ko da hasken na ƙarewa.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Wassalam.