FAI NA DENBY DALE DA DARASIN CIYAYYA

A lardin Yorkshire na ƙasar Ingila akwai wani ƙauye da ake kira Denby Dale, wanda bai yi suna da sarauta ko da yaƙi ba, sai da abinci. Abincin nan kuwa shi ne fai, wato kwaɓin fulawa da mai da ake shimfiɗawa cikin tasa, a zuba nama da dankali, a rufe da wani kwaɓin, sa'an nan a gasa a tanderu. Abin da ya bambanta na wannan ƙauye shi ne girma, domin fai ɗaya sukan gasa wanda dubban mutane za su ci. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ba girman ne ya haɗa kan mutanen ƙauyen ba. Aikin da suka yi tare da kuma adalcin rabo su ne suka haɗa su.

Tarihi ya nuna an fara wannan al'ada a 1788, don murnar samun sauƙin Sarki Joji na 3. An sake yi a 1815 bayan nasarar da aka samu a kan Napoleon a Waterloo, sai kuma a 1846 lokacin da aka soke dokokin da suka ɗora haraji mai nauyi a kan hatsin da ake shigowa da shi, waɗanda suka sa burodi ya yi wa talaka tsada. Na 1928 an yi shi ne don tara wa asibitin birnin Huddersfield kuɗi. Na shekarar 2000 kuwa nauyinsa ya kai kimanin tan 12. A kowane karo dai, wani abu ne ya shafi kowa, sai aka nemi abincin da zai ishi kowa.

Mai suka zai iya cewa wannan almubazzaranci ne da neman suna, kuma tarihin ƙauyen da kansa ya ba shi hujja. A 1846 dandamalin da aka kafa ya rushe, jama'a suka afka wa abincin da wawaso. A 1887 kuwa, shekarar da Sarauniya Biktoriya ta cika shekara 50 a kan gado, da aka yanka fai ɗin sai aka tarar ya ruɓe, har wari ya kori mutane. Dole aka kai shi daji aka binne da farar ƙasa.

Amma abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Cikin mako guda matan ƙauyen suka haɗu suka gasa wani, aka ci, aka wanke kunyar. Da abinci kawai ake nema, da kowace ta koma ɗakin girkinta ta ciyar da iyalinta. Sun sake aikin ne saboda sun ga mutuncin ƙauyen nasu ne su duka. Haka kuma kuɗin da aka samu daga fai na 1964 da su aka samar wa ƙauyen zauren taro. An cinye fai a yini ɗaya, zauren kuwa ya zauna. Wawason 1846 ya nuna cewa tara mutane a gaban abinci bai isa ya zama zumunci ba, sai an sami mai rabo da aka yarda da shi, da jama'a masu haƙurin jiran rabonsu.

Haƙiƙa akwai hikima a cikin siffar abincin nan. Ko na cikin gida ma, fai ya fi ƙarfin baki ɗaya, tilas a sa masa wuƙa. Mai yanka kuwa sai ya ƙirga waɗanda suke zaune, ya tuna da wanda bai iso ba. Wannan ƙirga ita ce ainihin zumuncin, domin wanda aka ajiye wa yanki ya san ana lissafi da shi.

Shi ma fai ya shigo garuruwan Nijeriya ta hanyar Turawan Ingila, ga shi nan ana sayarwa a kantuna da tashoshin mota da sunan mitfai. Sai dai wanda ya yaɗu ɗan ƙarami ne, daidai cikin mutum ɗaya, a ƙunshe a takarda, a ci a tsaye. An karɓi abincin, an bar rabon. Bahaushe kuwa ba baƙon rabo ba ne. Ya san ciyayya, inda magidanta kan fito da akussansu ƙofar gida bayan magariba, mai miyar nama da mai miyar kuka su sa hannu wuri ɗaya, ba a san na wane ya fi ba. Ya san tuwon sallah da wainar da yara kan kai gida-gida. A irin wannan zama ne ake gane wanda yau ba a ɗora tukunya a gidansa ba, a rufa masa asiri ba tare da ya roƙa ba.

Saboda haka ba a ce ɗalibai su gasa fai mai tan 12 ba. Abin da ake cewa shi ne, a ɗakunan kwanan jami'a akwai mai kwana da yunwa alhali na kusa da shi ya ja labule yana ci. Masu iya magana sun ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Mutanen Denby Dale sukan jira shekaru kafin su gasa nasu. Mai tukunyar shinkafa da wake a ɗakin kwana ba ya bukatar jiran komai, illa ya dafa abin da ya fi cikinsa, ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa.