Zoben Baiko: Dutsen da Ba Ya Hawa Sikeli

Duk matar da ta taɓa kai zobe wurin masu gwal don ta sayar ta san yadda cinikin yake. Mai shago zai juya shi a tafin hannu, ya leƙa hatimin da ke ciki ya ga 18 ne ko 21, sannan ya sa hantsaki ya ɓanɓare duwatsun kafin ya ɗora a sikeli. Zinaren ake biya. Dutsen kuwa sai a ƙunshe mata a takarda ta koma da abinta.

To ga shi yau samarinmu a Abuja da Kano sun tsiri durƙusawa gaban budurwa da ɗan akwati a hannu, abokai na ɗaukar hoto, kuma dutsen nan ne ake cin bashi dominsa.

Ko a wurin Turawa masu al'adar, ba tun kaka da kakanni talaka ke yin ta ba. A 1938 ne kamfanin De Beers, wanda ya daɗe yana riƙe da kasuwar lu'ulu'u ta duniya, ya ɗauki masu tsara talla na N.W. Ayer a Amurka don su cusa wa jama'a cewa baiko ba ya cika sai da lu'ulu'u. Daga baya tallar ta yanka wa ango farashi: albashin wata biyu. Mai kaya ne ya auna wa mai saye nauyin soyayyarsa, mutane kuma suka amsa. Shi wannan kamfanin, a 2018, ya fito da lu'ulu'un da ake haɗawa a masana'anta, karat ɗaya dala 800. Sinadarinsa ɗaya da na haƙa, ido ba ya bambance su, kuma tun da ya yawaita farashin na haƙar ke sauka.

Ba na cewa kada a yi wa mace kyauta. Amma wanda ya nace sai ya saya, ya dubi hannun da zai sa zoben. Samfurin da kamfanin Tiffany ya fitar a 1886, mai farata shida da ke ɗaga dutsen sama don haske ya ratsa shi, yana da kyau a hoto. A gida fa? Yau ya kama mayafi, gobe ya zare zaren leshi, jibi farce ɗaya ya buɗe wurin wanki, dutsen ya bi rariya. Wanda aka kewaye bakinsa da zinare, dutsen ya zauna a ciki daram, ya fi dacewa da hannun da ke aiki. Girman dutse ma ba shi ne walƙiya ba, iya yanka ne. Karat guda gaba ɗayansa kashi ɗaya cikin biyar na giram ne.

A ƙarfen ya kamata kuɗi su tafi. Mai lamba 18 kashi 75 cikin ɗari zinare ne, kuma yana da taurin riƙe dutse, saɓanin 24 da ke lanƙwashewa. Farin zinare shafe ake masa a sama, in ya kwana biyu sai ya koɗe ya soma ɗorawa-ɗorawa, a sake biyan kuɗin shafe. Ango kuwa in zai sa nasa, azurfa ce tasa, tunda Musulunci ya hana maza zinare.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake yanko kuɗin. Saurayi ya ƙarar da tanadinsa a kan zobe, in aka zo sadaki, wanda shi ne haƙƙin matar, sai ya koma neman ragi. Alhali lokacin da wani sahabi ya rasa abin biya, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya nemo ko da zoben baƙin ƙarfe ne. Can zoben sadaki ne, mallakinta.

Na yanzu ba a san matsayinsa ba. Kyauta ce? Cikin kayan lefe yake? In aka fasa auren, wa zai riƙe? Waliyyai ba su shaida ba, don ba a gabansu aka bayar ba. Gara a faɗa musu tun ranar sa rana, a kuma rubuta rasit da sunan yarinyar, kuɗin zinare daban, na dutse daban.