Da Kuɗin Wutarka Aka Sayi Ɗan Majalisarka

Duk lokacin da wuta ta ɗauke a Maradi ko Damagaram, ba a rasa wani ɗan boko da zai gyara zama ya ce maganin abin ɗaya ne: a sayar wa ƴan kasuwa kamfanin wuta, a kafa hukuma mai zaman kanta ta sa masu ido, kamar yadda ake yi a Amurka. To, tun da Amurka aka kawo mana a matsayin shaida, bari mu je can mu saurari shaidar.

A yawancin jihohin Amurka, kamfani ɗaya ne ke da wayoyin da ke kai wuta gidan mutum. Magidanci ba zai yi fushi ya koma wata rumfa ba, domin babu wata rumfar. Saboda haka wata hukumar jiha ce ke yanke farashi da ribar da kamfanin zai ci. A wasu jihohi gwamna ke naɗa membobinta, a wasu kuwa jama'a ke zaɓensu. Mai karatu ya lura da kyau: ribar irin wannan kamfani a zauren majalisa da ofishin wasu mutane ƙalilan ake yanke ta. Wanda arzikinsa ke hannun mutum biyar, me zai sa ya wahalar da kansa wajen faranta wa miliyoyi rai?

Jihar Ohayo ta ba da amsa. Kamfanin FirstEnergy da abokan hulɗarsa sun zuba kusan dala miliyan 60 (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba) cikin wata ƙungiya mai suna Generation Now, irin ƙungiyoyin da doka ba ta tilasta masu bayyana masu ba su kuɗi ba. Ƙungiyar tana hannun wani ɗan majalisa, Larry Householder. Da kuɗin nan ya ɗauki nauyin ƴan takara a zaɓen 2018, su kuwa da suka ci, suka ɗora shi kan kujerar shugaban majalisar wakilan jihar a watan Janairu na 2019. Kafin watan Yuli ya ƙare, an kafa dokar da ta ɗora wa masu biyan kuɗin wuta fiye da dala biliyan 1 don ceto tashoshin nukiliya biyu, Davis-Besse da Perry. Aka kuma cusa tallafin wasu tsofaffin tashoshin kwal guda biyu, ɗaya daga cikinsu ma ba a Ohayo take ba, tana jihar Indiyana.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ya biyo baya. Wasu mutanen jihar suka tashi tara sa hannu don a kira ƙuri'ar raba gardama a soke dokar. Sai aka sake buɗe bakin jaka, aka kashe miliyoyi wajen tallace-tallacen tsoratarwa, wai gwamnatin Sin ce ke neman ƙwace wutar Ohayo. Aka ɗauki mutane haya suna bin masu tara sa hannu suna hana su aiki. Ƙuri'ar ba ta yiwu ba. Kuɗin da aka yaƙi talaka da su kuwa, daga ina kamfanin wuta ke samun kuɗi in ba daga takardar da yake aika wa talakan kowane wata ba? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hukumar sa idon fa? Kamfanin da kansa ya amsa cewa ya biya Sam Randazzo dala miliyan 4.3 jim kaɗan kafin ya zama shugabanta a 2019.

Na san abin da za a ce mini: ai an kama su, kenan tsarin ya yi aiki. Gaskiya ne an kama Householder a 2020, kotu ta yanke masa shekara 20 a 2023, kamfanin kuma ya biya tarar dala miliyan 230 a 2021. Amma a tuna, bayan kamun an sake zaɓensa, sai a 2021 majalisa ta kore shi. A shekarar aka soke tallafin nukiliya, amma na kwal ya ci gaba da fita daga aljihun jama'a har 2025. Kuma abin da ya kai shi kurkuku shi ne cinikin da ya fito fili. Gudummawar yaƙin zaɓe da kamfanonin wuta ke rabawa bisa doka, ga ɓangarorin biyu, ita ba mai zuwa kotu a kanta.

Ko inda jama'a ke zaɓen hukumar da kansu, ba a tsira ba. A Jojiya, wata shari'a ta hana yin zaɓen hukumar tun bayan na 2020. A tsakanin nan, membobi biyar, duk ƴan jam'iyyar Republican, suka yi ta amincewa da ƙarin farashi ga kamfanin Georgia Power, har sau shida daga 2023. Cikin dalilai akwai sababbin tukwanen nukiliya biyu na tashar Vogtle, waɗanda suka makara shekara bakwai, suka lashe fiye da dala biliyan 30. Da aka buɗe rumfunan zaɓe a watan Nuwamba na 2025, mutane suka fito da haushin takardar wuta, suka kayar da membobi biyu da ke neman komawa, suka ɗora Alicia Johnson da Peter Hubbard da rata mai yawa. Madalla. Sai dai kujeru biyu ne cikin biyar, kuma kuɗin Vogtle an riga an zuba su cikin farashi, za a yi shekaru ana biya.