Tara Tsofaffin Kuɗi: Tarihi A Hannu, Hukunci A Wuya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 

A wannan mako za mu amsa tambayar wani ɗan kasuwa wanda ya tsinci gwangwanin tsofaffin kuɗi cikin kayan marigayi mahaifinsa. Yana so ya cike su, ya sami ƙwaya ɗaya daga kowane irin kuɗin ƙarfe da aka kashe a ƙasar nan a ƙarni na 20, amma yana tsoron kada ya shiga cikin masu taskace dukiya da aka yi wa gargaɗi a Suratut Tauba.

Da farko bari mu ga abin da zai tara. A 1907 Turawan mulki suka fito da anini da kwabo, daga baya ɗari ya biyo, wato rabin kwabo. Dukansu suna da huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsu. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 kuwa ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, sai aka koma ga farar tagulla a 1920. Akwai kuma kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila tun bai shekara ba. A 1959 Nijeriya ta sami nata kuɗin: taro mai auduga, sisi mai koko, sule mai kwakwar manja, fataka mai gyaɗa. Ran 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka shigo, sa'an nan a 1991 aka buga kwabo 50 da naira ɗaya na ƙarfe.

To, a ganinmu babu laifi ga wannan aiki, domin malamai sun bayyana cewa taskar da aka zarga ita ce wadda ba a fitar mata da zakka. Amma akwai wurare uku da ya wajaba a kula.

Na farko, zakka. Anini da kwabo da sauran na tagulla da aka daina karɓa, in don ajiya aka tara su, ba su da zakka. Na azurfa kuwa suna nan a azurfarsu ko da kasuwa ta manta da su. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, ana fitar da ɗaya bisa arba'in in shekara ta zagayo. Sulen 1913 bai kai giram 6 ba, taro da sisi da sule da fataka a haɗe kuwa giram 21 ne da 'yan kai. Saboda haka mai ƙwaya ɗaiɗai yana nesa da nisabi, sai dai zai haɗa su da sauran kuɗinsa wajen lissafi. Wanda kuma ya saye su don ya sayar, sun zama hajar ciniki, hukuncin haja ne a kansu.

Na biyu, riba, kuma nan ne masu tarawa suka fi zamewa. Mutum ya ga sulen azurfa na shekarar da ke wuyar samu, sai ya ba da nasa uku ya karɓi ɗaya. Wannan haramun ne, domin azurfa da azurfa ba a musanya su sai nauyi daidai, hannu da hannu. Mafita mai sauƙi ce: ya sayar da nasa da naira, ya sayi wancan da naira, a biya nan take ba bashi.

Na uku, gaskiya. Kada a goge tagulla a ce azurfa ce, kada a ɓoye lahani, kada kuma a sayi gadon tsohuwa a kuɗin tarkace alhali an san darajarsa.

Muna ba mai tambaya shawara ya sami littafi ya rubuta sunan kowace ƙwaya, da shekararta, da ƙarfenta, da abin da ya biya. Wannan zai sauƙaƙe masa lissafin zakka, ya kuma hana magada kai su maƙera a narke. Ya riƙa nuna wa 'ya'yansa, ya gaya musu cewa kowane kwabo a nan an yi gumi a kansa, wasu ma sun yi rantsuwar ƙarya dominsa, ga shi yau ba ya sayen ko ƙwayar goro, amma hisabinsa yana nan yana jiran masu shi.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya sa mu gama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.