Hutun Bazara: A Kai Yara Su Ga Kaduna

Bazara ta shigo. Duk wanda ya ratsa Unguwar Rimi ko Malali a 'yan kwanakin nan zai ga mangwaro ya nuna yana zuba, madatai sun yi sabon toho, itatuwan nan masu jan fure da aka shuka tun zamanin Turawa sun yi jawur kamar an hura musu wuta. Zafi kam ba a magana, amma hadari ya fara haɗowa daga gabas da la'asar. A daidai wannan lokaci ne makarantu ke tashi hutun ƙarshen zango na biyu, ma'aikata da yawa kuma ke cike takardar neman hutunsu na shekara. Saboda haka muka ga ya dace mu yi magana a kan abin da ake yi da wannan hutu.

Dokar aikin gwamnati ta ba babban ma'aikaci hutu har na kwana 30 a shekara. In aka bincika yadda kwanakin nan ke ƙarewa, za a tarar wani ya tafi sharar gona, wani ya shiga buga-buga don cike giɓin albashi, wani ya kwashi iyali zuwa garinsu don biki ko gaisuwar mutuwa. Ba mu ga laifin ko ɗaya ba, zumunta ma wajibi ce. Masu hali kuwa sai su hau jirgin sama zuwa Dubai ko Alƙahira ko Landan, 'ya'yansu su dawo suna ba da labarin dogayen benaye. Abin da ya dame mu shi ne, tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka da wuya a sami wanda uban ya taɓa kama hannunsa ya kai shi ya ga inda aka yi mulkin Jihar Arewa, alhali kuwa wurin yana nan arewacin kogin Kaduna, kuma dukan abin da za a gani bai fi yawon yini biyu ba.

Mun san akwai dattawan da ke ganin yawon buɗe ido aikin Bature ne, ko na wanda ya rasa abin yi. Wannan zato ba shi da tushe a tarihinmu. Kakanninmu ne fataken da suka yi ta bin hanyar Gwanja neman goro, su ne alhazan da suka ratsa Sudan a ƙasa zuwa Makka, kuma kowa ya dawo, labarin da ya kawo yakan fi tsarabarsa daɗewa a gida. Alhaji Abubakar Imam da ya je Ingila a 1943 tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma, bai bar abin da ya gani a cikinsa ba, sai da ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Bambancin kurum shi ne a da maigida ke fita shi kaɗai, ya bar mata da yara su ji a baki. Mu kuwa muna cewa a fita da su.

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina ko Zariya. Ba ta da ganuwa, ba ta da marina mai shekara ɗaruruwa. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin saboda ruwan kogi da hanyar jirgin ƙasa, aka taso da hedkwata daga Zungeru a 1917. Daga nan har zuwa 27 ga Mayu 1967, ranar da aka yi jihohi 12, duk wata doka da ta shafi mutumin Sakkwato da na Barno da na Ilori da na Binuwai, a nan aka zartar da ita. Watau shekara 50 cur. Bayan haka ta zama hedkwatar Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna a 1976, Katsina kuma ta fita daga cikinta a 1987. Saboda haka garin ba na mazaunansa kaɗai ba ne. Duk ɗan jihohin Arewa 19 yana da gado a cikinsa.

Bari mu ɗauka ga wani akawu ya taso daga Funtuwa ko Kafancan da maiɗakinsa da yara huɗu, sun sauka wajen ɗan'uwa a Kawo ko Unguwar Kanawa. In shawararmu zai bi, ya fara da Arewa House a kan titin Rabah tun da sanyin safiya. Nan ne gidan Firimiya, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, kuma nan ne sojoji suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu ranar 15 ga Janairu 1966. A 1970 aka mai da wurin cibiyar binciken tarihi bisa jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, yanzu kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai hotuna, akwai kayan marigayin, akwai tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da na ajami waɗanda malamanmu suka bari. Yaron da aka tsayar a wannan harabar aka ce masa, ga inda mutumin da aka sa wa jami'a da filin wasa da babban titi sunansa ya zauna, ga kuma yadda ƙarshensa ya zo, ba zai ƙara jin sunan kamar sunan kwalta kawai ba. Zai yi tambaya. Wata tambayar ma za ta ba uban kunya, domin zai tarar shi kansa bai san amsar ba, kuma wannan kunya tana da amfani.

Daga nan ba nisa zuwa Gidan Tarihi na Ƙasa a kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a ginin da a da ya kasance ofishin jam'iyyar NPC. A ciki akwai gumakan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tono irinsu a 1928 wajen haƙar kuza a kudancin wannan jiha, kuma masana sun tabbatar sun haura shekara 2,000. Ɗalibin da aka koya wa cewa tarihin ƙasar nan ya fara ne da zuwan Turawa, kallo ɗaya zai warkar da shi. Af, kafin mu wuce, ma'aikata nawa ne cikin masu bin wannan titi kullum zuwa ofis suka san cewa Ali Akilu shi ne ɗan ƙasa da ya riƙe shugabancin ma'aikatan Jihar Arewa bayan Turawa? Masallacin Sultan Bello na Unguwar Sarki yana nan kusa, ga mai son ya tsaya azahar.

Lugard Hall kuwa, mai ƙubbar nan da kowa ya sani a hoto, nan ne Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa suka yi zamansu, yau kuma Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke ciki. Ya kamata a gaya wa yara cewa a irin wannan lokaci na bazara ne Arewa ta sami mulkin kai, ranar 15 ga Maris 1959, kuma da gangan aka zaɓi ranar, domin a 15 ga Maris 1903 ne Sakkwato ta faɗa hannun Turawa. Tsohon filin sukuwa, wanda yanzu ake kira Dandalin Murtala, shi ya ga hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a 1956, da na bikin FESTAC a 1977, da na cikar Kaduna shekara 100 a 2017. Da yamma sai a gangara Gamji, watau lambun Janar Hassan Usman Katsina a bakin kogi, yara su taka 'yar gadar ƙarfen da aka gina a Zungeru a 1904 aka kwanto ta aka sake kafa ta a nan a 1954, su kuma ji cewa daga kadannin wannan kogi garin ya samo sunansa.

A wasu ƙasashe irin wannan fita ta zama al'ada. A Washinton, babban birnin Amurka, iyalai kan yi tururuwa a ƙarshen Maris da farkon Afrilu don kallon furen wasu itatuwa kimanin 3,000 da birnin Tokiyo na Japan ya ba su kyauta a 1912. Furen ba ya wuce 'yan kwanaki, amma shi ke jawo mutane, daga nan su zarce gidajen tarihin gwamnati, inda ba a karɓar ko kwabo a ƙofa. Da haka ɗan manomi daga can ƙurya ke sanin ƙasarsa. Ba mu ce a kwaikwayi Amurka a kome ba. Abin lura dai shi ne itatuwan nan sun girmi hedkwatarmu da shekara 5 kacal, kuma abin da ya mai da su abin kallo bai wuce ban ruwa da kiyayewa ba.

To, amma fa ba za mu ɗora wa iyaye laifin duka ba. Maigidan da zai ɗauko iyalinsa zuwa Kaduna a yau sai ya yi lissafin hanya kafin ya yi na kuɗin mota. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Rigasa da aka buɗe a 2016 ya zama mafakar masu tsoron hanyar mota, sai ga shi ranar 28 ga Maris 2022 an kai masa hari, aka kashe mutane aka sace wasu, jirgin bai koma aiki ba sai a Disambar shekarar. Wanda ya ga wannan ba za a ce masa matsoraci ba in ya bar 'ya'yansa a gida. Ga kuma tsadar mai da ta biyo bayan janye tallafi a 2023, wadda ta sa kuɗin motar mutum shida ya zama abin da ƙaramin ma'aikaci zai yi wata yana tunani. Duk maganar jawo baƙi da hukumomi ke yi, in hanya ba ta yi lafiya ba, zance ne kawai.

Sa'an nan akwai maganar kiyaye wuraren su kansu. Otal ɗin Durbar, wanda aka gina don baƙin 1977, ya yi shekaru yana kango ana shari'a a kansa, daga bisani aka rushe shi a Janairun 2020. Ba hurumin wannan shafi ba ne ya yanke hukunci a kan wanda ke da gaskiya a rigimar. Abin da muka sani shi ne yaron da aka haifa yau ba zai gan shi ba. Aikin sabunta birni da aka fara a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya gyara Dandalin Murtala, ya sauƙaƙa cunkoson Kawo, kuma jama'a sun yaba. Amma duk inda titi ya faɗaɗa inuwa takan ragu, kuma madacin da ya shekara 70 ba a mayar da shi da kwangilar wata shida. Baƙon da zai yi yawo da yara a zafin Afrilu, inuwa ce abu na farko da yake bukata, sai ruwan sha, sai makewayi mai tsabta da maiɗakinsa za ta iya shiga ba tare da ƙyama ba. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a takardar kasafi, amma su ke sa iyali su dawo baɗi ko su rantse ba su ƙara ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan nauyi, ko da yake ba a son faɗarsa. Tun bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwambar 2002, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Mutane da yawa sun sayar da gidajensu sun ƙaura zuwa ɓangaren da suke ganin nasu ne. An haifi yara a Sabon Tasha da Narayi, sun girma sun gama sakandare, ba su taɓa shiga Arewa House ba, kamar yadda takwarorinsu na Unguwar Shanu da Badarawa ba su taɓa ganin tashar jirgin Kaduna Junction ko masaƙun Kakuri da suka ciyar da kakanninsu tun 1957 ba. Gwamnatin da ta zauna a Lugard Hall kuwa ta kowa ce. Michael Audu Buba minista ne a cikinta, Sunday Awoniyi yana cikin ma'aikatan da suka yi aiki kusa da Sardauna. Yaron da ya ƙetare gada ya ga hotunan nan da idonsa, zai yi wuya wani ya zo daga baya ya ce masa garin nan ba nasa ba ne. Ga shi kuma an yi kimanin shekara 10 ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a ƙananan makarantu, saboda haka akwai samari da 'yan mata, har da masu digiri, waɗanda babu wanda ya taɓa gaya musu kome.

Bisa ga haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi da ta sa ziyarar waɗannan wurare cikin tsarin kowace makarantar sakandare, a kuma riƙa haɗa makarantar arewacin kogi da ta kudanci a mota ɗaya. Muna roƙon hukumomin da ke riƙe da wuraren, na tarayya da na jiha da na jami'a, su zauna tare su daidaita lokacin buɗewa yadda zai haɗa da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, tun da a ranakun ne kaɗai ma'aikaci ke da sukuni, su kafa alluna masu bayani da Hausa da Turanci, su kuma yafe wa yaro mai kayan makaranta kuɗin shiga. Ɗaliban tarihi na jami'o'i da kwalejojin ilmi suna zaune a gida lokacin hutu. Da ɗan alawus kaɗan za su yi aikin zagayawa da baƙi, su ma su ƙaru. Majalisar Dokoki kuma ta ware rana ɗaya a mako, lokacin da ba ta zama, a bar iyalai su shiga su ga zauren.

Ku kuma ma'aikata, ba sai kun jira an yi duk wannan ba. Wanda ke zaune a cikin gari kuɗin Keke Napep kaɗai zai kashe, da ɗan abin da za a saya wa yara mangwaro a bakin titi. A fita tun ƙarfe 8 kafin rana ta buɗe, a ɗauki ruwa, a tafi da uwar yaran, a kuma ba babban cikinsu takarda da alƙalami ya rubuta abin da ya gani ya karanta wa kakarsa in an koma gida.