Ba Kowane Gem Ne Caca Ba, A Daina Yi Wa Yaranmu Kuɗin Goro



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu: da zarar an ga yaro riƙe da waya yana buga gem, sai a ce ya lalace, a ƙwace wayar, wani lokaci har da duka. Mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba. Kuɗin goro ne ake yi, kuma yana sa mu bar jaki muna dukan taiki.

Bari mu faɗi irin wasan da muke karewa. Akwai gem ɗin da ake sarrafa mutum yana gudu, yana tsalle daga tudu zuwa tudu cikin duniyar almara, amma ƙarfi ba ya fitar da shi sai dabara. Ƙofa a kulle take, mabuɗin yana can sama, kai ne za ka gano yadda za a kai gare shi. Tsofaffin hannu za su tuna Prince of Persia, wanda Jordan Mechner ya fitar a 1989, inda ake ba ka minti 60 ka tsallake tarkuna ka ceto gimbiya daga hannun mugun waziri. A Trine, na kamfanin Frozenbyte na ƙasar Finlan a 2009, mutum uku ne: ɗaya yana samar da akwatunan takawa, ɗaya tana lilo da igiya, ɗaya yana da takobi da garkuwa, kuma sai an haɗa baiwarsu ake wucewa. Monument Valley kuwa, na 2014, a waya ake buga shi, ana jujjuya gine-gine har hanya ta buɗe wa gimbiya Ida.

To ina cacar take a nan? Yaro ya faɗi sau goma, ya tsaya ya yi tunani, ya sake dabara, ya haye. Ba wanda ya yi masa alkawarin kuɗi. Daɗin da yake ji shi ne wanda dattijo yake ji idan ya ɗaure abokin karawarsa a dara.

Masu cewa ai duk ƙarya ce da aljanu, sai mu tambaye su: da me aka raine mu? Gizo da Ƙoƙi gaskiya ne? Ba mu ne muka karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara a makaranta ba, littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933? Ba wanda ya ce Alhaji Imam ya ɓata tarbiyyar yara don tauraronsa ya shiga duniyar aljanu neman ruwan magani. Tatsuniya da kacici-kacici ne suka haɗu suka koma cikin waya.

Abin da ya kamata ya hana mu barci yana nan a bakin titi. Ku zaga Agege ku ga shagunan cacar ƙwallo, ku ga samarinmu, 'yan acaba da masu dako da yaran shago, suna zuba guminsu na yini a kan takardar da sa'a kawai ke juya ta. Can ne jari ke narkewa, can ne bashi ke farawa. Idan muka kira komai caca, yaro zai ga ba mu san abin da muke faɗa ba, ranar da muka gargaɗe shi kan ta gasken ba zai saurare mu ba.

Ba mu ce a sakar wa yaro linzami ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa kamuwa da gem har ya danne sauran al'amuran rayuwa cuta ce. Wasan da ya hana salla, islamiyya, aike ko barci, a tsayar da shi. Haka kuma wasu gem na kyauta cike suke da tallan caca da neman a sayi abubuwa da kuɗi. Maganin wannan shi ne uba ya zauna kusa da ɗansa ya duba: ana sa kuɗi? Me ake nunawa? Awa nawa yake ci? Minti goma sun isa ka bambance.

Sannan mu duba gaba. Computer Village na Ikeja yana nan kusa da Agege. A Legas ɗin nan kamfanin Maliyo Games yake ƙera wasannin waya tun 2012. A Kamaru, Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016 bisa almarar Afirka. Me zai hana ɗan Agege ya ƙera gem ɗin Bayajida da rijiyar Kusugu, da Hausa? Yaron da aka fasa wa waya ba shi ne zai yi ba.

Iyaye, a sa ido, a sa lokaci, amma a yi adalci. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.